Ƙofar Hagu

Ranar da aka ja tasin Baba zuwa Kasuwar Mullick
ruwa ya kai ƙauri a titunan Kalkata.
Ni ce a sitiyari, tunda injin ya daina amsawa,
shi yana tafe a gefe, tafinsa a kan bodi
kamar mai raka majinyaci asibiti.

Sirajul mai gwangwan bai yi mata kallon arziki ba.
Ya zagaya sau ɗaya, ya shuri taya,
ya leƙa ƙasa, ya tofar da jan yawu.
"Haripada, a dunƙule ko a yanke?
A dunƙule ƙarfe ce, sikeli zai yi magana.
A yanke kuwa, sai ka iya tsayawa ka gani."

Baba ya ce a yanke.

Batir aka fara cirewa, don dalmar cikinsa.
Lagireto, don tagulla.
Giyabos ya yi daraja, wani makanike na jiran irinsa
tun makon jiya.
Injin da Baba ke kira Tsoho,
wanda ya san tarinsa na asuba fiye da nawa,
aka rataya a ƙugiya, allura ta yi rawa ta tsaya,
Sirajul ya rubuta lamba a bayan kwalin sigari.

Tayoyi huɗu, aka taya biyu.
Baba ya ce albarka.
Aka ƙara rupi hamsin, ya kau da kai, ya sallama.

Wani yaro, Pintu, da bai kai tsayin madubin gefe ba,
ya shige ciki da sifana a baki.
Ya fito da wayoyi kamar mai fiɗar kifi,
ya fito da ɗan kunne guda, da tsabar kuɗin da aka daina karɓa,
da tikitin fim na shekarar da aka haife ni.
Waɗannan ba a auna su ba.

Kujerar baya mai shayi ya saya.
Amare sun zauna a kanta, da mashaya,
da wata mata da ta haihu kafin a kai gadar Howrah.
Yanzu tana jingine da bango
ana zubar mata da madara.

Mita fa? in ji Baba.
Sirajul ya yi dariya: "Wa ke sayen agogon da ba ya faɗin lokaci?
Tafi da abinka."

Dubu ashirin da shida da ɗari huɗu.
Shekara goma sha biyar na tuƙi,
kuɗin makarantata, maganin Mama, rufin ɗaki,
an naɗe da roba sun shiga aljihun riga
ko tudu ba su yi ba.
Muka hau bas. Baba ya biya kuɗin mutum biyu,
yana riƙe da mita a cinya,
ƙafarsa ta dama na neman birki a duk kwana.

Bayan wata uku, a bakin tashar Sealdah,
na tare wata tasi, rawaya kamar kowace.
Sai ga lotsawa ƙasa da mariƙin ƙofar hagu,
daidai inda na daki turken wuta
ran da Baba ya fara koya mini ribas.
An shafa sabon fenti, amma ramin na nan.
Na sa yatsa a ciki. Direba ya ce in shiga ko in matsa.

Da dare na ba Baba labari.
Bai ɗago daga shinkafarsa ba.
Can ya ce, "Ta rufu da bugu ɗaya?"
Na ce sai da na buga sau uku.
"Ai ɗaga ta ake yi kaɗan," in ji shi.
"Kin karɓi lambar motar?
Ya kamata a gaya masa."